Yadda ake alewar kwakwa da ceri mai rufin cakulet a gida, duk da zafin Kano

Duk wadda ta iya kwakumeti ko tuwon madara ta riga ta san rabin aikin nan. Busasshiyar kwakwa ake haɗawa da madara mai kauri da jan ceri, ɗan itacen nan da ake ɗorawa a kan kek, a danne a faranti, a yanka tsawon yatsa, sannan a tsoma kowane yanka cikin narkakken cakulet. In an gutsira sai a ga baƙi a waje, ja-ja a ciki, ga zaƙi ga ɗan tsami. Asalinta daga Ostareliya ne. Kamfanin MacRobertson's na birnin Melbon ne ya fara fitar da ita a 1924 da sunan Cherry Ripe, Cadbury ya sayi kamfanin a 1967, har yau kuma ana yin ta. Wadda muka fi gani a kantunanmu ita ce Bounty, ita kwakwa ce zalla babu ceri.

Yawancin waɗanda suka rubuta yadda ake yin ta a gida mazauna ƙasashen sanyi ne, masu wuta dare da rana. Shi ya sa za ki ga sun ce a kwaɓa komai ɗanye, a jefa a firij, shi ke nan. A Kano in kika bi wannan hanya, da zarar an ɗauke wuta alewar ta saki jiki, cakulet ɗin ya maƙale a leda. Tsarin da zan ba ki ya ginu ne kan abu biyu: a kori ruwa daga cikin haɗin tun a kan wuta domin ya tsaya da ƙafarsa ko babu firij, sannan a zaɓi cakulet gwargwadon lokacin da ake ciki, hunturu ne ko bazara.

Sayayya

Mu fara da kwakwa. Akwai gogaggiya busasshiya da ake sayarwa a leda a shagunan kayan kek, cikin kasuwar Sabon Gari da manyan kantuna. Ita ta fi sauƙi, kuma ta fi daɗewa ba ta lalace ba. Ki sayi mai laushin gari wadda ba a sa wa sukari ba, kuma kafin ki biya ki ce, "Malam, don Allah buɗe min in sansana." Kwakwa mai ce da yawa a jikinta, in ta daɗe a shago cikin zafi sai ta riƙa warin sabulu, kuma babu yawan cakulet ɗin da zai ɓoye wannan wari. Mai kyau fara ce tas, ba ta komawa ruwan ɗorawa.

In kuwa ɗanya za ki saya, a 'Yanlemo ko wurin masu baro, ki ɗauke ta ki ji nauyinta, ki kai ta kunne ki girgiza. Ki ji ruwa yana kaɗawa sosai. Ki duba idanun nan uku na kanta: in akwai wanda ya jiƙe ko ya yi fumfuna, ki ajiye ta. Kusan rabin nauyin ɗanyen naman kwakwa ruwa ne, don haka sai kin sayi matsakaita guda 2 kafin ki sami abin da ake bukata bayan ta bushe.

Madara ita ce inda mutane da yawa ke rikicewa. Madarar ruwa ta gwangwani da muke zubawa a shayi ba ita ba ce, ba ta da sukari, kuma ta cika ruwa. Wadda ake nema ita ce mai kauri, mai yauƙi, mai zaƙin gaske, wadda ake rubuta condensed a jikin gwangwaninta. Babban gwangwaninta kan zo da giram 397. In ba ki samu ba, ko kin ga tsadarta ta yi yawa, madarar gari da sukari daga kasuwar Singa sun wadatar, zan faɗi yadda ake haɗawa a ƙasa.

Ceri ba ya fitowa a ƙasarmu, ɗan itacen ƙasashen sanyi ne, Turkiyya ce ta fi kowa noma shi. Wanda muke so shi ne jan nan mai sheƙi da aka cire wa ƙwallo aka dafa cikin sukari, irin wanda ake ɗorawa a kan kek ɗin biki. A shagon kayan kek za ki tambaya, don in kika aiki yaro wurin masu kayan marmari ya ce ceri, agwaluma za a ɗaura masa. Ki karanta jikin robar ko kwalbar da kyau, musamman na kwalba masu iyo cikin ruwa, domin akwai irin da ake jiƙawa cikin giya. Haka ma ruwan ƙamshin banila, wani da barasa ake haɗa shi. In kuma kika ga E120 a jerin kayan haɗi, launi ne da ake samu daga jikin wani ƙwaro, mutane da dama na guje masa.

Sai babban, wato cakulet. Iri biyu ne a kasuwa, kuma ya kamata ki san wanne ke hannunki tun kafin ki kunna wuta. Akwai na asali, wanda man da ke cikinsa man koko ne. Akwai kuma wanda masu shago ke kira compound, shi garin koko ne da sukari aka haɗa da man tsirrai, galibi man ƙwarar kwakwar manja. Na asali ya fi daɗi nesa ba kusa ba, yana narkewa a harshe ya bar ƙamshi. Amma wannan narkewar ita ce matsalarsa a wurinmu: man koko na narkewa ne a wajen digiri 34, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan kai digiri 40. Ga shi kuma yana da wuyar sha'ani wurin narkarwa, sai an bi shi da ma'aunin zafi. Ga tsada, musamman a 2024 da farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya saboda ƙarancin amfanin gona a Kwaddibuwa da Gana. Abin haushi, mu ma muna noman koko a Ondo da Kuros Riba da Osun, amma galibinsa ɗanye ake fitar da shi, ya dawo mana a kwali da kuɗi mai yawa.

Shawarata ita ce, in karon farko ne, ko bazara ce, ko sayarwa za ki yi, ki ɗauki compound ba tare da jin kunya ba. Ki bar na asali sai Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Ko wanne kika ɗauka, baƙin cakulet ya fi mai madara dacewa, domin cikin alewar ya riga ya cika zaƙi, ɗan ɗacin baƙin ne ke daidaita shi. Kada ki sayi ƙananan cakulet na yara ki ce za ki narka, yawancinsu ba sa narkewa da kyau.

Ga awon da zai cika faranti mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe, ya ba ki yanka 24: busasshiyar kwakwa giram 250, wato kusan kofi 3, madara mai kauri giram 300, kashi uku cikin huɗu na babban gwangwani ke nan, ceri giram 200, bota cokali 1 na cin abinci, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, ruwan lemon tsami cokalin shayi 1, busasshen zoɓo cikin tafin hannu ɗaya, ko ɗigon jan kala na abinci, cakulet giram 450. In kina da sikelin kicin ki yi amfani da shi, don kofi yaudara gare shi, kwakwar da aka danna da wadda aka zuba sako-sako ba nauyinsu ɗaya ba.

Shirya kwakwa, madara da ceri

In kwakwar leda kika saya, ki tsallake wannan sakin layi. In ɗanya ce, ki fasa, ki juye ruwan ki shanye abinki, ki ɓamɓaro naman, ki fere baƙin bayan da wuƙa har ta koma fara sol. Ki wanke, ki goge da tsumma mai tsafta, sannan ki goga a abin goga kuɓewa ta ɓangaren ƙananan huji. Kada ki markaɗa da ruwa a bilenda, ruwan zai tafi da man da daɗin duka. Ki baza ta a tire ba kauri. Mai oben ta sa a wuta ƙasa-ƙasa, wajen digiri 90 zuwa 100, tana juyawa duk bayan minti 15, kusan awa ɗaya. Wadda ba ta da shi ta zuba a busasshen kasko mai faɗi a kan wuta kaɗan, ta tsaya tana juyawa. Ba soya ta ake so ba, kada ta yi ja. A hunturu ana iya shanya ta a rana, amma sai an rufe da mayafi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Alamar ta bushe ita ce ki damƙa a hannu ki saki, ta warwatse ba ta dunƙule ba.

Madarar gida kuwa, ki tafasa ruwa sulusin kofi, ki zuba sukari kashi biyu cikin uku na kofi, ki juya har ki daina jin ƙwayarsa a ƙasan cokali. Ki sa bota cokali 2 ta narke, ki sauke, sannan ki riƙa barbaɗa madarar gari kofi 1 kina bugawa har ta yi sumul. In ta yi gudaji ki tace a rariya. Za ta ƙara kauri in ta huce. Madarar gari mai maiƙo ta fi, kuma abin da ya fito zai ishe ki har da ɗan saura.

Cerin nan yana zuwa ne a lulluɓe da ruwan sukari mai danƙo. Ki zuba a rariya ki ɗauraye da ruwan ɗumi, ki baza a kan tsumma, ki dadanna har ya bushe. Wannan matakin ne mutane ke rainawa, kuma ruwan da aka bari a nan shi ne ke tsattsafowa ta ƙasan alewar bayan kwana biyu. Ki raba shi biyu. Rabi ki daddatsa shi sosai har ya kusa zama kwaɓi, shi zai shiga ko'ina ya ba haɗin ɗanɗano. Ɗaya rabin ki yanka kowane ƙwaya gida huɗu ko shida, domin mai ci ya riƙa cin karo da shi.

Yanzu launi. Ceri kaɗai ba ya rina kwakwa, sai dai ɗigo-ɗigo. Jan kala na abinci na yin aikin, amma ni na fi son zoɓo, don yana kawo launi ya kuma kawo tsamin da cerin sukari ya rasa. Ki wanke zoɓon, ki tafasa cikin rabin kofin ruwa ba citta ba kanumfari, ki tace, ki mayar da ruwan kan wuta ya ƙone har ya rage cokali 2 kacal, baƙi-ƙirin mai kauri. Ki haɗa shi da ruwan lemon tsamin nan. Dalili kuwa, jan zoɓo a cikin tsami yake tsayawa ja, in ya shiga madara ba tsami sai ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu, ba kyan gani.

Dafa haɗin

Ki sami tukunya mai kaurin gindi. Ki sa bota ta narke a wuta kaɗan, ki juye madara, ki zuba kwakwa da gishiri. Da muciya za ki yi aikin nan, kuma ba a barin wurin, don madara mai sukari ba ta da wuyar kamu. Da farko za ki ji shi da laushi yana bin muciya. Bayan minti 5 zuwa 7 zai fara haɗe kansa, yana barin jikin tukunya, in kika ja muciya a tsakiya ki ga gindin tukunyar a bushe. Ki ɗebi kaɗan, ki bari ya sha iska, ki mulmula tsakanin yatsu. In ya dunƙule bai manne miki ba, ya yi. In yana mannewa ki ƙara masa minti biyu. In kuma ya bushe har yana rugujewa, ki sa cokali ɗaya na ragowar madarar.

Ki sauke, sannan ki zuba ceri da ruwan zoɓo, ki juya har launin ya game. Kada ki dafa cerin tare, zai yi tauri. Ki ɗanɗana yanzu, don bayan nan babu gyara. In zaƙin ya hau kai, ki ƙara ɗigon lemon tsami da ɗan gishiri.

Ki shimfiɗa takardar gashin kek a faranti, ki bar ta ta zarce ta gefe biyu domin ki sami abin ɗagawa. In babu, farar leda mai tsafta da aka shafa wa ɗan mai ta isa, amma ki bari haɗin ya ɗan huce kafin ya hau kanta. Ki juye, ki baza, ki ɗora wata takardar a sama, ki danne da gindin kofi da ƙarfinki, musamman kusurwoyi. Duk ramin iskar da kika bari, a nan yankan zai karye cikin cakulet ya cika miki kwano da ɓurɓushi. Kaurin ya zama kamar santimita ɗaya da rabi.

In akwai wuta, awa 2 a firij. In babu, ki rufe shi ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi ya kwana, dafuwar da ya sha za ta sa ya yi ƙarfi da kansa. Sai dai ki ɗora farantin a kan kwanon da ke zaune cikin tiren ruwa, in ba haka ba kiyashi za su riga ki.

Da ya yi ƙarfi ki ɗago shi da takardar zuwa katako. Ki datse gefuna su miƙe, gutsattsarin rabon yara ne. Ki raba shi gida 3 ta faɗi, kowane gida ki yanka 8. Ki riƙa goge wuƙar tsakanin yanka, ki shafe gefen kowanne da yatsa domin ɓurɓushin da ke lilo ya kwanta.

Narkar da cakulet

Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata kwano guda. Cakulet mai ne da busasshen gari, babu ruwa a cikinsa, da zarar ruwa kaɗan ya shiga sai sukarin ya jiƙe ya kama garin kokon, nan take abin da ke zuba sumul ya cure ya zama kamar tunkuza. Don haka kwano, cokali, wuƙa, katako, hannunki, duk su bushe ƙayau. Muciyar da kika tuƙa haɗi da ita ba za ta shiga nan ba, itace na riƙe danshi da ƙamshin miya. Cokalin ƙarfe ko na roba za ki ɗauka.

Ki daddatsa cakulet ƙanana. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, ki ɗora kwanon ƙarfe ko na tangaran da zai toshe bakinta ruf, gindinsa kuma kada ya taɓa ruwan. Ruwan ya yi zafi amma kada ya tafasa, domin tururin da ke kuɓucewa ta gefe shi ma ruwa ne. Kada ki rufe kwanon da murfi, gumin murfin zai ɗiga ciki. Mai dafawa da gawayi ta tafasa ruwan, ta sauke tukunyar ƙasa, sannan ta ɗora kwanon, zafin ruwan kaɗai ya isa.

In compound ne, aikin ya ƙare da ya narke. Ki sauke tun da sauran 'yan gutsattsari, ki juya su narke da zafin sauran, ki goge gindin kwanon da tsumma. In ya yi kauri da yawa, cokalin shayi ɗaya na man girki marar ƙamshi zai sassauta shi. Ban da bota, don akwai ruwa a cikinta. Man kwakwa da ake yawan cewa a zuba, ki yi hankali da shi: a wajen digiri 24 yake narkewa, wanda a Kano kusan duk shekara ruwa ne, in ya yi yawa rufin ba zai taɓa yin ƙarfi a waje ba.

In na asali ne, sai an bi da shi a hankali. Man koko na iya daskarewa ta siga daban-daban, guda ɗaya ce kawai ke ba da sheƙi da ƙarar nan ta ƙas in an karya. In kika narka kika bar shi ya daskare yadda ya ga dama, zai fito dishi-dishi, da zane fari-fari, yana narkewa a yatsa. Hanya mafi sauƙi a gida ita ce ki raba shi uku. Kashi biyu ki narka har digiri 45 zuwa 50. Ki sauke, ki riƙa zuba kashi na ukun kaɗan-kaɗan kina juyawa ba tsayawa. Wanda bai narke ba yana ɗauke da sigar da ake so, shi zai ja sauran su bi sahunsa yayin da zafin ke sauka. Ki tsaya a digiri 31 zuwa 32 in baƙi ne, 29 zuwa 30 in mai madara ne. In akwai gutsuren da ya ƙi narkewa ki tsame shi. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta ɗiga kaɗan a ƙasan leɓenta, ya kamata ta ji shi da ɗan sanyi-sanyi, ba ɗumi ba. Gwaji na ƙarshe: ki tsoma bakin wuƙa ki ajiye. In ya kama cikin minti 5 yana ɗan sheƙi, kin dace. In bai kama ba ki ƙara ɗan datsattsen cakulet ki ci gaba da juyawa. Duk wannan sai ɗakin na da sanyi, wajen digiri 20, shi ya sa na ce hunturu, kuma bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. A watan Afrilu, in ba ɗaki mai na'urar sanyaya iska gare ki ba, asarar kuɗi za ki yi.

Tsomawa

Ki shimfiɗa takarda a tire tun kafin ki fara. In daga firij yankan suka fito, ki ba su minti 10 a waje, ki kuma shafa ki ji babu gumi a jikinsu. Masu sanyi ƙarara na sa cakulet ya kama da kauri tun a cikin kwano, daga baya kuma rufin ya tsage.

Ki jefa ɗaya, ki juya shi da cokali mai yatsu, ki ɗago shi a kwance a kan yatsun ba tare da kin soke shi ba. Ki bubbuga cokalin a bakin kwano sau da yawa har zubar ta koma zare, ki shafe ƙasan cokalin a gefen kwano, sannan ki zame yankan kan takarda da tsinken sakace. Wannan bubbugawar ce ke raba ki da faffaɗan gindin da ke taruwa a ƙasa, ita ce kuma ke sa giram 450 ya kai ki ƙarshe. In kina son ado, ki taɓa saman da bayan cokali mai yatsun ki ɗaga, zai bar layi-layi, ko ki ɗora ɗan gutsuren ceri tun bai bushe ba. In kin ga wani wuri da jan ciki ke leƙowa, ki toshe shi da ɗigon cakulet, don ta nan iska ke shiga ta busar da ciki.

Cakulet zai riƙa kauri kina cikin aiki. Ki mayar da kwanon kan ruwan zafin na 'yan daƙiƙu ki juya. In na asali ne kada ki bari ya wuce digiri 33, in ya wuce sai an sake daga farko. Compound kan kama da kansa cikin minti 15 in ɗakin ba zafi. In da zafi, minti 10 a firij ya isa, kada ya daɗe a buɗe a ciki.

Wadda ke gaggawa, ko take yi wa mutanen gida kawai, tana iya barin tsomawa gaba ɗaya. Ta zuba rabin narkakken cakulet a gindin faranti ya kama, ta danna haɗin da ya huce a kai, ta rufe da sauran, ta yanka da wuƙar da aka tsoma a ruwan zafi aka goge. Giram 250 ya isa wannan, sai dai gefunan a buɗe suke, ba ya jure ajiya kamar na tsomawa.

In tsautsayi ya sa ruwa ya shiga ya cure, kada ki zubar. Ba zai ƙara yin rufi ba, amma in kika zuba masa madara mai zafi cokali-cokali kina juyawa, zai saki ya zama abin zubawa a kan kek ko fanke.

Ajiya da kai wa mutane

Ki jera su a roba mai murfi mai kamawa, takarda tsakanin kowane hawa. Murfin ba don ƙura kaɗai ba ne, cakulet na jan ƙamshin duk abin da ke kusa da shi, firij ɗinmu kuwa ba ya rasa daddawa ko kifi ko ragowar albasa. Wadda aka yi da kwakwar leda kan kai mako 2 a firij. Ta kwakwar da kika busar da kanki ki cinye cikin mako ɗaya, don da wuya ta bushe kamar ta kamfani. A waje cikin hunturu, kwana 3 zuwa 4. A firiza tana kai wata 2, in dai wutar unguwarku ba mai narkewa ta sake daskarewa ba ce.

Wurin fitarwa daga firij ne ake yawan ɓata kyanta, musamman da damina da iska ke cike da danshi. In kika buɗe robar nan take, gumi zai sauka a kan cakulet ɗin, ya narkar da sukarin sama, in ya bushe ya bar fari-fari mai kaushi. Ba ya cutarwa, ana ci, amma ba za ki so ki kai shi gidan surukai a haka ba. Ki fito da robar a rufe, ki bar ta minti 20 zuwa 30 har sanyin ya sake ta, sannan ki buɗe.

In ceri ya gagara, dabino mai laushi da aka cire wa ƙwallo ko zabibi na shiga wurinsa da awo ɗaya. Da dabino ki rage madara da cokali 2, ki kuma bar zoɓon, launinsu ba ya haɗuwa.

Mai niyyar sayarwa, ko sa ta cikin kayan gara da tsarabar sallah, ta naɗe kowane yanka a takardar azurfa kafin ya shiga kwali. Ta lissafa kuɗin gas da takarda da kwali, ba kayan haɗi kaɗai ba, sannan ta raba gida 24 ta ga nawa ɗaya ya tsaya mata. Ta faɗa wa mai saye akwai madara da kwakwa a ciki, kuma sukarinta da yawa, saboda masu ciwon suga. In za a aika da ita daga Kabuga zuwa Hotoro a adaidaita sahu, a sa a kula, da ƙanƙarar da aka ɗaure a leda biyu aka naɗe da tawul don kada ta taɓa kwalin, kuma a bari sai bayan la'asar. Ranar da kasuwar ta buɗe har kika fara tunanin kai wa kantuna da sunanki a jiki, sai kin nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tukuna.